Motar Asuba a Zongon Kwatano

A arewacin Najeriya, wanda ya ce zai tafi Kwatano ba a tambayarsa abin da zai yo. Mota ce. Tun shekarun 1990 jiragen ruwa ke sauke tsofaffin motocin Turai a tashar wannan birni, dillalai su jera su a filaye, mutanen Kano da Katsina da Maraɗi su zo su zaɓa. Ko da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017, kasuwar rauni ta yi, ba ta mutu ba. Wanda ya tsallako daga Seme ya kama hanyar birni zai ga filayen Sekandji a gefen titi, motoci jere har ido ya gaji, iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfensu a hankali.

Ni ma rakiya na yi wa wani ɗan'uwana da ya zo neman mota. Amma abin da ya ja hankalina a tafiyar wani abu ne dabam: a garin da mota ta yi yawa haka, yaya mara lafiya ke isa asibiti? Wanda mota ta kaɗe a titi da mai naƙuda, an san inda za a kira dominsu. Ina maganar mai wankin ƙoda da zai je yau ya koma jibi, da mai shanyewar ɓarin jiki da ake kaiwa gashi, da tsohuwar da likita ya ce ta dawo a duba idonta bayan aiki. Babu mai gudu a kansu, amma kuma ba za su iya tsayawa bakin titi suna ciniki da ɗan babur ba.

Mun shigo ta Akpakpa, muka haye gadar da ke kan mashigin da ya haɗa tafkin Nokoué da teku, muka bar hayaniyar kasuwar Dantokpa a bayanmu. Zongo tana tsakiyar gari, cikin gunduma ta 5 daga gundumomi 13 na Kwatano, kusa da Jonquet inda 'yan canji da motocin ƙetare ke tsayawa. Babban masallacin unguwar ne ke fara yi maka maraba, daga nan sai hayaƙin tsire, da masu shayi, da tumakin da aka ɗaure a gindin bango. A taku kaɗan za ka ji Hausa da Dendi da Zabarmanci da Yarbanci da Fon, ga Faransanci yana ratsa su duka. Manyan tituna an shimfiɗe su, wasu da kwalta wasu da duwatsun siminti, amma da ka kutsa cikin lungunan da suke kira von sai ka ji yashi ya riƙe maka takalmi. Garin shimfiɗe yake a kan rairayi tsakanin teku da tafki, ruwan ƙasa kusa yake, saboda haka da an yi ruwan sama lungu ya zama kududdufi.

Mun sauka gidan wani Alhaji, haifaffen unguwar, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Gobir da fataucin goro da dabbobi. Sana'arsa ita ce ta iyaye da kakanni: mai gida. Baƙo ya sauka wurinsa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice, a ƙarshe ya karɓi la'adarsa. Wannan tsari ne Abner Cohen ya yi nazari a kansa a unguwar Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, kuma duk wanda ya taɓa kwana a zango daga Kumasi zuwa Yawunde ya san shi ba sai an karanta masa ba. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne, cikin baƙin mai gida yanzu akwai waɗanda ba saye ko sayarwa ya kawo su ba. Jinya ce.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai wani dattijo daga wajen Gaya, tsohon ɗan kasuwar albasa, da jikansa matashi mai kula da shi. Ƙodarsa ta daina aiki. 'Ya'yansa biyu suna harkar fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, shi ya sa suka ga gara ya zo kusa da aljihun da ke biyan magani. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutum kan hau bas daga Gaya ya haye gada zuwa Malanville ya miƙe kudu. Bayan takunkumi da rufe iyaka, ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, sai a kwalekwale ake tsallake kogin Kwara. Haka aka tsallako da shi, ƙafafu a kumbure, sannan aka yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa bakin teku. Tun da ya zo bai koma ba, kuma ba zai iya ba, domin na'ura ta ɗaure shi da wannan gari.

A ƙa'ida wankin ƙoda sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa huɗu. A ƙasashenmu da yawa sau biyu suke samu, wasu ma sai ranar da kuɗi ya haɗu. Dattijon sau biyu yake zuwa, a wata cibiya da ke can wani ɓangaren gari. Idan aka tsallake zama ɗaya ruwa ya taru a jiki, numfashi ya yi wuya, gishirin da ƙoda ya kamata ta fitar ya hau har ya iya tsayar da zuciya. Ashe ke nan motar da za ta kai shi tana cikin maganin.

Da asuba, kafin a sallame salla, sai na ji ƙarar inji a ƙofar gida. Wata tsohuwar Toyota ce, fentinta ya koɗe, amma cikinta a share. Direban ba Bahaushe ba ne, mutumin kudu ne, Kirista, mai Hausar kasuwa. Ya kashe mota ya zauna a kan benci yana jira. Da aka fito masallaci ya miƙe ya gaida Alhaji, ya shiga ɗaki da kansa, shi da jikan suka tallafo dattijon, ya riga ya kwantar da kujerar gaba ya sa matashin kai.

Da hantsi, muna shan shayi a zaure, na tambayi Alhaji yadda aka samo shi.

“Malam, ai ba samo shi aka yi ba, zaɓo shi aka yi,” in ji shi. “Shekara da shekaru yana kai mini baƙi Sekandji. Na san gidansa, na san matarsa, na san cocin da yake zuwa. Da yaran nan suka kawo mahaifinsu suka ce, Baba, ga amana, sai na kira shi na gindaya masa sharuɗɗa.”

Ya lissafa mini su yana kaɗa carbi. Ya iso kafin a idar da asuba. Kada ya ɗauki fasinja a hanya, ko zuwa ko dawowa, ko da ɗan'uwansa ne. Ba taba a cikin mota, ba kiɗa. Ya bi rami a hankali. Idan ya sauke su ya tafi nemansa, amma ya dawo kafin a cire wa dattijo allura, mota ta jira mara lafiya, ba mara lafiya ya jira mota ba. Aikinsa bai ƙare ba sai ya ga Baba a kan katifarsa. Wayarsa a kunne dare da rana. Ranar da ba zai samu zuwa ba ya faɗa tun da dare, ya kuma kawo madadin da Alhaji ya san fuskarsa. Biya kuwa ranar Juma'a ne bayan an sauko, 'ya'yan su turo wa Alhaji ta MoMo, wato ta waya, shi ya miƙa. Jikan yana da wani littafin makaranta mai layi-layi, a ciki yake rubuta ranar, da lokacin da mota ta zo, da lokacin da aka dawo. Kafin a biya sai an buɗe littafin.

“To idan ya saɓa fa, Alhaji?”

Ya yi murmushi. “Akwai wanda ya riga shi. Ranar nan a hanyar dawowa ya ga mata da kaya za su Dantokpa, ya kwashe su, ya bar bawan Allah a mota cikin rana yana jiran a sauke buhuna. Ban yi masa faɗa ba. Na biya shi kuɗinsa cif, na ce Allah ya sa mu gama lafiya. Da magariba na ba da labari a ƙofar masallaci. Je ka tambaya ko akwai gidan da ya sake kiransa a layin nan.”

Na daɗe ina juya wannan zance. Abin da Alhaji ya zayyana mini a zaune, ba takarda ba sa hannu, shi ne abin da ake cika kundi da shi a wasu ƙasashe: wa ya cancanci a ɗauka, wa zai ɗauka, a kan wane sharaɗi, wa zai biya, wa zai duba ko an cika alkawari, mene ne hukuncin wanda ya karya. A Ingila hukumar lafiya ta NHS tana da sashe guda na jigilar marasa lafiyar da ba na gaggawa ba. Bitar da ta wallafa a 2021 ta ce ana yin tafiya miliyan 11 zuwa 12 a shekara, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 460, kuma a nan ne aka yi alkawarin tallafin sufuri ga duk mai zuwa wankin ƙoda a asibiti. Hukumomin lafiya na yankuna ke ba da kwangilar, wani lokaci ga ma'aikatar motocin asibiti ta gwamnati, wani lokaci ga kamfani, sannan wata hukuma dabam mai suna CQC ta yi wa masu aikin rajista ta riƙa bincikarsu. A Faransa, wadda Benin ta gaji yawancin tsarin mulkinta daga gare ta, likita ne ke rubuta takardar sufuri kamar yadda yake rubuta magani, ya nuna ko motar kwanciya ce ko ƙaramar motar asibiti ko tasi mai yarjejeniya da asusun inshorar lafiya. Kuɗin da asusun ke kashewa a wannan fanni ya haura Yuro biliyan 6 a shekara, kuma da aka tashi sauya farashi a 2025 direbobin tasi sun toshe titunan Paris.

Kada mai karatu ya ɗauka takarda ta raba su da matsala. A Afrilun 2016 aka miƙa jigilar marasa lafiya ta yankin Sussex a Ingila ga wani kamfani mai suna Coperforma, wanda ya dogara da manhajar waya da ƙananan 'yan kwangila masu motoci. Tun makon farko masu wankin ƙoda da masu jinyar daji suka yi ta zaman jiran motocin da ba su zo ba. Kafin shekarar ta ƙare aka sanar cewa za a karɓe aikin a mai da shi hannun ma'aikatar motocin asibiti ta gwamnati. Watanni aka kwashe ana bincike da taro kafin a kai inda Alhaji ya kai tsakanin azahar da magariba. Waɗanda suka ba da waccan kwangila suna da lauyoyi da ma'aunai, amma babu ɗayansu da ke kwana bango ɗaya da mara lafiyan.

Wata safiya na roƙi a tafi da ni. Na zauna baya tare da jikan. Gari bai gama wayewa ba amma 'yan babur sun riga sun cika titi, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa da lamba a baya. Su ne zemijan, ko zem a taƙaice, abin da muke kira acaɓa, 'yan Nijar su ce kabu-kabu. A Porto-Novo sana'ar ta samo asali, ta bunƙasa a shekarun 1980 lokacin da tattalin arziƙi ya durƙushe, yau kuma su ne jijiyar Kwatano. Akwai tasi masu launin ɗorawa na shirin Bénin Taxi da aka ƙaddamar a 2017, akwai masu kiran abin hawa ta manhajar Gozem, har babura masu lantarki sun shigo, amma talaka zem ya sani. Tun Maris 2024 'yan sanda suka tsananta dokar hular kwano har a kan fasinja, shi ya sa za ka ga mace da goyo da jaka da hularta rataye a hannu.

A wata mahaɗa, muna jiran danja, na ga abin da ya fi komai nuna mini girman lamarin. Babur ɗaya, mutum uku. Direba a gaba, wani saurayi a can baya, a tsakaninsu wata dattijuwa da aka ɗaure da zani a ƙugun direban. Hannunta ɗaya yana lilo, ƙafarta ɗaya ba ta kan mataki, saurayin ya sa tasa ƙafar ya tokare ta don kada ta ja ƙasa ko ta taɓa salansa. Direbanmu ya girgiza kai ya ce gashi za a kai ta, kullum yana ganin irinsu a wannan lokaci, suna sammako ne kafin rana ta yi zafi, kafin kuma jami'ai su fito. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu ba ya jin ƙuna. Sai an sauka a ga fata ta saɓule.

Muka wuce ta gaban babban asibitin koyarwa na ƙasa, CNHU, mai ɗauke da sunan Hubert Maga, shugaban farko na Dahomey. Daga Zongo ba nisa, 'yan mintoci ne idan hanya ta buɗe. A bakin ƙofa rigunan ɗorawa sun yi dafifi, masu sayar da koko da burodi sun kafa tebur, ana sauke mutane ana ɗauka. Wannan ƙofa ita ce iyaka. Daga ita zuwa ciki akwai likita da ma'aikacin jinya da fayil da doka. Daga ita zuwa gida, mara lafiya da danginsa ne da abin da ke aljihunsu.

Ba a ce gwamnatin Benin ta yi barci a harkar lafiya ba. Tun 1999 take da ma'aikatar agajin gaggawa ta SAMU, kuma wanda ya buga 118 'yan kwana-kwana za su zo, su ne ke kwasar mafi yawan waɗanda hatsari ya rutsa da su a titi. Tun Afrilun 2009 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta. A zamanin Shugaba Patrice Talon, a 2018, aka tilasta wa ma'aikatan lafiya na gwamnati su zaɓa tsakanin aikin gwamnati da asibitin kuɗi, aka rufe ɗakunan shan magani marasa izini, aka fatattaki masu sayar da jabun magunguna. An fara gwajin inshorar talakawa ta shirin ARCH a 2019. An kafa hukumar sa ido kan fannin lafiya, ARS, wadda ta kama aiki a 2022, an kuma sayo sababbin motocin asibiti aka raba wa yankuna. Duk wannan ƙoƙari yana kallon abu biyu ne: abin da ke faruwa cikin ginin asibiti, da wanda rai ke hannun Allah a kai shi da jiniya. Mai zuwa da komowa sau ɗari a shekara ya faɗa tsakani. A duk gidajen da na shiga a Zongo, kuɗin motar mai jinya daga aljihun dangi yake fita, ko daga faifan da aka zagaya da shi bayan salla. Balle baƙo irin dattijonmu, wanda ba ɗan ƙasa ba ne.

Da rana muka koma ɗauko shi. Wanda bai taɓa ganin mutum ya sauko daga na'urar wanki ba, zai yi tsammanin zai fito da ƙarfi, tunda an tace masa jini. Akasin haka ne. An zare masa ruwa mai yawa cikin 'yan awoyi, jini ya sauka, jiri na ɗibarsa, ƙafa na rawa. A hannunsa na hagu, inda likitoci suka haɗa jijiyoyi biyu don allurar wanki, an manna auduga da filasta. Wannan hannu ba a matse shi, ba a ɗaukar kaya da shi, ba a kama shi a ja mutum. Na lura direban ta dama yake tallafarsa.

“Sannu Baba, ya jiki?” na ce.

“Da godiya, ɗana. Yau an sha ni da yawa,” ya amsa, ya lumshe ido.

A hanya jikan ya ba ni labarin da ya rage mini sha'awar tsarin zaure. Wata rana, a farkon zuwansu, suna tsakiyar cunkoso sai filastar ta saki, jini ya ɓalle. Direban nan, mai amana, mai zuwa kan lokaci, wanda ko sau ɗaya littafi bai kama shi da laifi ba, ya rikice. Ya fito da tsumman goge gilashi zai ɗaure damtsen da ƙarfi. Allah ya sa wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa nuna wa yaron abin yi: a sa auduga mai tsabta a danne wurin da yatsa, a ɗaga hannun, kada a saki, a juya a koma asibiti idan bai tsaya ba. Ya danne, jini ya tsaya. Tun daga ranar akwai auduga da safar hannu a aljihun gaban motar, kuma yaron ne ya koya wa direban.

A nan idon Alhaji yake tsayawa. Yana ganin hali: ƙarya, makara, kwaɗayi, rashin kunya. Ba ya ganin birki, ba ya ganin inshorar mota ko ta ƙare, bai san yadda ake ɗaga mai ciwon baya ba, bai san kujerar da mai tarin fuka ya zauna jiya ba a ɗora mata mai wankin ƙoda yau sai an goge an buɗe tagogi. Ba laifinsa ba ne, ba fanninsa ba ne. Hukuncinsa ma, duk da saurinsa, ba shi da ɗaukaka ƙara. Direban da aka kora a ƙofar masallaci ba a ji ta bakinsa ba, kuma da wani mai gidan ne mai son zuciya, da haka zai iya kashe wa bayin Allah kasuwa a kan ƙiyayya.

Babban gibin kuwa shi ne, tsarin na mai mai gida ne. A cikin gida, uwargidan Alhaji, Hajiya, ita ke riƙe da ɓangaren mata, kuma ita ta buɗe mini ido a kan wannan. Ta ce akwai zawarawa da 'yan aikatau da matan da mazansu suka tafi Legas ko Libreville aka daina jin ɗuriyarsu, suna haya a ɗaki ɗaya can cikin von inda mota ba ta shiga ko da rani. Mai ciwon suga a cikinsu, ƙafa ta yi gyambo, an ce ta riƙa zuwa wanki.

“Malam, zuwa biyu za ta yi ta daina. Ba kuɗin wankin ne ke kayar da ita ba, na hanya ne. Kuma wace mace ce za ta yarda namijin da ba muharraminta ba ya ciccibe ta a gaban jama'a? Sai ta ce ta ji sauƙi. Mu kuma sai wari ya fito mu sani.”

Matan unguwar suna da adashi da asusun biki da suna, daga ciki sukan gutsura su ɗauki shatar keke mai ƙafa uku a kai wadda ta fi galabaita. Amma abin da aka gina a kan tausayi, ranar da masu tausayin suka shiga matsi shi ma ya shiga. A Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya, farashin kpayo, man sumoga da ake sayarwa cikin manyan kwalabe a bakin titunan Benin, ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki. Kuɗin zem ya tashi, na shata ya tashi. Wata biyu bayan haka iyakar Nijar ta rufe, harkar fito ta tsaya, masu bayarwa a Zongo suka koma lissafin abincin gidajensu. Shawarar da aka yanke a Abuja da Yamai ta zo ta zauna a kan ƙafar wata bazawara a Kwatano.

Tura mara lafiya nesa da amana ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A Tanguiéta, can arewa maso yammacin Benin, akwai asibitin 'yan mishan na Saint Jean de Dieu da aka buɗe a 1970, kuma an daɗe ana ba da labarin zumuncin likitansa ɗan Italiya, Frère Florent, da shehunnan Tijjaniyya na Kiota a jihar Dosso, waɗanda suka riƙa aiko masa da marasa lafiya daga Nijar. A can ma sunan mai aikowa ne ke buɗe ƙofa. Mu ma a arewacin Najeriya mun gwada wani abu da ya fi kusa da abin da Zongo ke buƙata. A jihohi irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da 'yan sa kai yadda za su ɗauki mace mai naƙuda, ana rubuta kowace tafiya, ladan direba kuma shi ne a ba shi lodi ba tare da bin layi ba idan ya dawo tasha. Wancan na gaggawa ne, amma ya nuna direban haya yana koyuwa, kuma ƙungiyarsa tana iya riƙe shi.

A ganina nan ya kamata a fara, ba daga sayen wasu motoci masu jiniya ba. Ɗan zem na Kwatano ya riga yana da lamba a baya da rajista a ma'aikatar magajin gari. Masu tasi suna da tasha da shugabanni. Masallaci yana da kwamiti da asusu. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da hukuma kaɗai ke iya yi: ta ware direbobin da aka koya wa ɗaga mara lafiya da tsayar da jini da tsabtace kujera, ta duba motocinsu, ta ba su shaida, cibiyoyin wanki da na gashi su manna sunayensu a bango, a sa mata a cikin masu rakiya, a kuma samar da inda wanda aka zalunta zai kai kuka, direba ne ko mara lafiya. Zaɓe da sa ido na yau da kullum a bar wa irin su Alhaji da Hajiya, sun fi kowane sufeto kusa. Maganar wa zai biya wa wanda ba shi da kowa, wannan ta inshora ce da baitulmali, faifan masallaci ba zai ɗauke ta ba. Lamarin kuma ƙaruwa zai yi. Hawan jini da ciwon suga suna yaɗuwa a biranenmu, su ne manyan masu kashe ƙoda da shanye jiki, sannan sabon katafaren asibitin da aka gina mai gadaje sama da 400 yana Abomey-Calavi ne, bayan cunkoson Godomey. Ƙwararru suna matsawa bayan gari, mai jinya yana nan tsakiyar Zongo.

Ranar Juma'ar da za mu bar gari, bayan an sauko, aka zauna biyan mako. Babban ɗan dattijon ya zo da kansa. Direban ya karɓi kuɗinsa, ya juya hula a hannu, ya ce yana da magana. Damina ta kusa, von zai cika da ruwa, dole ya riƙa zagayawa ta babban titi, mai zai ƙaru, kuma ruwan gishirin nan yana cin ƙasan mota. Ɗan ya ce kaya sun maƙale, kasuwa ba ta motsi, a yi haƙuri. Direban ya ce shi ma yara suna makaranta. Aka yi shiru, kowa ya dubi Alhaji.

Alhaji ya ce a miƙo littafi. Ya bi shafukan da yatsa, ya ce tun bayan sallar layya mutumin nan bai makara ba, wannan abin dubawa ne. Sannan ya juya ga direban ya ce shi ma ya lura tayoyin gaba sun suɗe, ba zai yarda a ɗauki amanar mutane a kansu cikin ruwa ba. Aka ja, aka sassauta. A ƙarshe aka tsaya a kan za a ƙara masa jaka biyu a mako har ruwa ya ɗauke, ɗan zai ba shi rancen kuɗin taya a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya kawo motar da sababbin tayoyi ranar Litinin Alhaji ya gani da idonsa. Ranar da ruwa ya hana mota shiga lungu, samari biyu daga cikin masu shayin ƙofar gida za su ɗauko Baba a kujera zuwa bakin titi, ladansu a wuyan Alhaji. Jikan ya rubuta duka, aka shafa fatiha, direban ya ce amin tare da mu.